Tsagar Gefen Hagu

Labarin mutuwar ya zo ne a tsakiyar hira, ana shan shayi, kuma wanda ya kawo shi bai ma san ya kawo wani abu ba.

A shekarar, da aka gama aikin hajji, alhazai suka cika Madina kamar yadda suka saba. Gidan Ja'afaru da ke Ranuna, can wajen Kuba, shi ma ya samu nasa baƙon. Sunansa Rabo, tsoho ne mai surutu, daga Umdurman ta ƙasar Sudan ya zo. Taubashin Inna Ƙaltume ne, mahaifiyar Ja'afaru. Tare iyayensu suka baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Makka, su suna ƙanana. Dangin Rabo suka zauna a Sudan, mahaifin Ƙaltume kuwa ya ƙetare teku da ita.

Bayan la'asar aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Sabuwa, matar Ja'afaru, ta ajiye shayi mai na'ana'a da farantin dabino, ta koma ɗaki wajen keken ɗinkinta.

"Ƙaltume, buɗe bakin in gani," in ji Rabo. "An ce mini haƙori ɗaya ya rage miki, shi ma haya yake."

"Ya fi naka. Kai da ka kamo hanyar Makka a goye, sai yanzu ka iso da sanda? Jaki ma da ya je ya dawo."

Suka yi dariya. Rabo ya shiga lissafa mata mutanen Umdurman, wane ya makance, wance ta yi jikoki, an rushe kasuwar da ta sani. Can ya tsaya da dabino a hannu.

"Af, har na manta. Bayahudiyar nan taki ma ta tafi. Rahila. Bara, da damina. Kin san mutanenta duk sun watse daga ƙasar tun tuni, ita ta ce ba inda za ta. Aka ga ƙofa shiru, sai ɗan Jirjis, Kiristan nan maƙwabcinsu, ya haura katanga. Shi da 'yan unguwa suka kai ta maƙabartarsu. Muka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake faɗa. Ɗan Jirjis ya ɗan fara addu'arsu ta coci a hankali, sai kuma ya ji kunya ya yi shiru. Aka mai da ƙasa." Ya jefa dabinon a baki. "Wannan na Badar ne? Ya fi wanda aka sayar mana a bakin Harami."

"Na Badar ne," in ji Inna Ƙaltume.

Ta ajiye kofin a hankali a kan faranti, ba ta sake ɗaukarsa ba.

A nan sai an ɗan koma baya kafin a gane abin da ya faɗo mata. Ƙaltume ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, zazzaɓi ya ɗauke ta a hanya. Da suka isa Umdurman guzuri ya ƙare, mahaifinta ya samu aikin ɗebo ruwa a gidan wani tsohon Bayahude mai suna Ilyahu, wanda mutanensa ke zuwa wurinsa da tambayoyin addini kamar yadda ake zuwa wurin malami. 'Yarsa Rahila tana gidan, mijinta ya mutu, ba ta haihu ba. Ran farko ta ga yarinya zaune a bakin ƙofa, kai duk ƙuraje, ta shigo da ita ta yi mata wanka. Daga wanka sai abinci, daga abinci sai shimfiɗa. Da mahaifin ya tafi aikin gonakin auduga, a hannunta ya bar yarinyar, kuma ya daɗe bai dawo ba.

Rahila ba ta taɓa ce mata ta bar addininta ba. Ita ke tashinta sahur. Ita ke raka ta makarantar allo, ta tsaya daga nesa har ta ga ta shiga. Ƙaltume kuwa Yumma take ce mata, yadda yaran garin ke kiran iyayensu mata.

Kullum da yamma Jirjis, Kirista ɗan Masar mai sayar da yadi, yakan jawo kujerarsa ƙofar Ilyahu, su sha gahawa su yi gardama. Annabawansu ɗaya ne har zuwa wani wuri, daga nan hanya ta rabu. Jirjis ya ce Annabi Isa ya zo ya sauke wa mutane kayan dokoki. Ilyahu ya ce, "Ai ɗan gidanmu ne. A cikin dokokin nan aka raine shi, kuma da yawan abin da ya faɗa malamanmu ma sun faɗa."

"To me ya sa ba ku bi shi ba?"

"Sha gahawarka, tana hucewa."

Sai matar Ilyahu, mahaifiyar Rahila, ta rasu. Ƙaltume ta ga Rahila ta miƙe tsaye, ta kama wuyan rigarta da hannu biyu, ta keta shi ta gefen hagu. Yarinyar ta tsorata ta ɓuya bayan randa. Da Jirjis ya zo gaisuwa, ko a ranar bai iya haƙuri ba.

"Allah zuciya yake dubawa, ba riga ba. Malamanku sun sa wa komai ƙa'ida, har kuka."

Ilyahu yana zaune a ƙasa, bai ɗago ba. Ya ce, "Wanda aka yi wa mutuwa, hannunsa neman abin ɓarnatawa yake. In ba a ba shi riga ba, fuskarsa zai kama. Malamanmu suka ba shi riga, suka ce daga nan zuwa nan, ka tsaya."

Daga baya Rahila ta bayyana mata sauran. A tsaye ake yi. In miji ne ko ɗan'uwa, gefen dama, kuma in an kwana biyu a ɗinke. In uwa ce ko uba, gefen hagu, daidai kan zuciya, da hannu ba da almakashi ba. Wannan ba a ɗinke ta har abada, sai dai mace ta kama bakin da zare sama-sama don sutura. Ko bayan shekara aka ji labari, sai an yi.

"Ni kam ba mai yi mini," in ji Rahila. "Ni ce ta ƙarshe a gidan nan."

"Ni zan yi miki, Yumma."

Rahila ta yi dariya da hawaye a fuska. Ilyahu ya ce kada ta yi dariya, malamansu sun ce wadda ta raini maraya tamkar ita ta haife shi. Amma ya ƙara da cewa yarinyar tana da nata addinin, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Ba a daɗe ba mahaifinta ya dawo, suka shiga jirgin ƙasa. Rabuwarsu ke nan.

Washegarin hirar Rabo, da hantsi, Ja'afaru yana neman takalminsa zai tafi warshar da yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Sulɗana, ta kira shi.

"Auta, zauna."

"Inna, wallahi na makara."

"Zauna."

Ya zauna. Ya san dai wata mata ta riƙe ta a Sudan, iyakar abin da ya sani ke nan. Da ta gaya masa ko wace ce, sai ya waiga ya dubi ƙofa. A lokacin rediyo ba ya wuni bai ambaci yaƙi da Ƙudus ba, kuma kalmar tana da nauyi a bakin kowa.

"Bayahudiya, Inna?"

"Ita ta cire mini ƙwarƙwata. Ita ta kwana a kaina da na yi ƙyanda. Ina so in roƙa mata gafara."

"Inna, ke kika fara koya mini karatu. Kin san amsar."

"Na sani. So nake in ji ko akwai wata."

Ya yi alkawarin zai tambayi limamin unguwa ba tare da ya kama suna ba. Da yamma ya dawo ya durƙusa a gabanta, hannunsa duk baƙin mai. Liman ya ce ba a nema wa wanda ya mutu a wajen Musulunci gafara. A tuna alherinta, a bar hukuncinta a hannun Allah, in tana da dangi a kyautata musu.

"Ba ta da kowa," in ji Inna.

Sannan ta gaya masa maganar rigar. Ja'afaru ya kusa miƙewa.

"La, la, Inna! Wannan kam an hana ƙarara. Ranar da Baba ya rasu, ba ke kika riƙe hannun Goggo ba, kika ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana keta tufafi don mutuwa?"

"Ni ce."

"To a garinsa za ki yi? A inuwarsa?" Ya sassauta murya. "Don Allah, ya ummi, ki bar maganar nan a nan. Kada kowa ya ji, ko Sabuwa. Kin san bakin unguwa. Yara suna makaranta, in aka fara cewa kakarsu kaza ce..."

"Halas, shi ke nan," in ji ta. "Je ka wanke hannunka."

Rabo ya koma ƙasarsa da kayan tsaraba, har a bakin mota yana tsokanarta. Bayan tafiyarsa Inna ta daina cin abincin kirki. Sabuwa ta yi mata kunun gyaɗa, ta yi mata farfesu, duk sai ta taɓa ta ture. Takan sa a kai ta Harami, ta zauna a sashen mata, ta ɗaga hannu ta bi matattunta ɗaya bayan ɗaya, mahaifinta, mijinta, 'ya'yan da ta binne suna jarirai, har uwar da ba ta sani ba. In ta zo kan Rahila sai ta rufe baki. Ba ta jin haushin hukuncin. Ta yarda da shi kamar yadda ta yarda da salla. Abin da ke cin ta shi ne, an hana addu'a, an hana riga, to ke nan matar nan za ta wuce kamar kyanwar da ta mutu a bayan katanga.

Wata safiya Sabuwa ta fita kai ɗinki, yara suna makaranta, gidan ba kowa. Inna ta rufe ɗakinta. Tana sanye da shuɗiyar rigar da take sawa a ciki, mai kauri, wadda ta fi so. Ta dafa bango ta miƙe tsaye.

"Ya Rabbi," ta ce, "na san an hana. Ba hukuncinka na ƙi ba, ranta naka ne, ka karɓi abinka. Alkawarin yarinya ne. Sau ɗaya tak. Na rantse da girmanka ba zan sake ba, ko a kan wa."

Ta kama wuyan rigar ta ja. Bai motsa ba. Ɗinkin Sabuwa ne, ninki biyu. Ta sake ja har yatsunta suka yi zafi. Ta kalli almakashi a kan taga, ta kau da kai. Daga ƙarshe ta kai bakin rigar bakinta, ta ɗan huda shi da sauran haƙoranta, sannan ta ja da iyakar ƙarfinta. Yadin ya ce kyaaat, ya tsage zuwa kan ƙirjinta, ta tsaya a nan.

"Yumma," ta ce.

Sai kukan da bai zo ba tun ranar shayi ya zo. Ta zame ta zauna a ƙasa ta yi shi har ya isa, tana yi tana istigfari, ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba. Da ta natsu ta lalubo allura da baƙin zare, ta kama bakin tsagar sama-sama, manyan ɗinki karkatattu, ta mai da wata rigar a kai.

Ran nan ta cinye tuwonta. Ja'afaru ya gani ya yi hamdala a ransa, ya ɗauka ta haƙura. Ba wanda ya lura cewa hannunta yakan tafi gefen hagu ya tsaya, in tana lazimi ko tana sauraron yara. Da kanta take wanke rigar a ɗaki, ta shanya a bayan ƙofa.

Ran wata Juma'a tana wanka, Sabuwa ta shiga share ɗakin, ta ga rigar a rataye. Ta ɗaga ta, ta ga tsagar da baƙin zaren, sai tausayi ya kama ta. A ganinta ƙusa ce ta kama rigar, tsohuwa kuma ta ji nauyin ta roƙe ta, ta zauna da idonta da ba ya gani sosai tana fama. Sabuwa ta ji kunya ƙwarai. A ce gidan tela, uwar miji tana yawo da wannan?

Ta ajiye ɗinkin mutane gefe. Ta warware baƙin zaren, ta zaro zare daga lafin rigar don launi ya zo ɗaya, ta zauna da allura a hannu tana saƙa bakin tsagar sili-sili. Da ta gama ta ga ɗan tabo ya rage, sai ta yi wa wuyan ado da farin zare, dama da hagu iri ɗaya, ta goge, ta ninke.

Inna tana zaune a bakin gado tana neman rigar da ido, Sabuwa ta shigo da ita a tafin hannu tana murmushi.

"Inna, kin ba ni kunya! Kina gidan tela kina ɗinki kamar mai ɗaure buhun gawayi? Da maƙwabta sun gani ai sun ce na daina kula da ke. Ungo. Nemo wurin, in kin gano shi goron yau ni zan saya."

Inna ta karɓa. Ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta bi gefen hagu da yatsa, daga wuya zuwa ƙirji. Ta juya cikin, ta sake bi. Ta kai ta kusa da idonta, ta matsa wajen hasken taga. Santsi kawai, da ƙanshin dutsen guga.

"Kin gani? Ba ki same shi ba!"

"Ban same shi ba," in ji Inna. Ta ɗora tafinta a kan rigar. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Inna. Gobe in wani abu ya yage, ki jefo mini kawai."

Bayan an sauko daga masallaci, Sabuwa tana zuba wa mijinta shinkafa, ta ba shi labarin tana dariya. Ta nuna masa a jikinta, daga nan zuwa nan, gefen hagu, kuma wai da baƙin zare a kan shuɗi. Ja'afaru ya ajiye cokali. Ta tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa, ya ce a'a, ya tashi.

Ya tarar da Inna yadda aka bar ta, rigar a cinya. Ya tura ƙofa, ya durƙusa. Da farko ya yi niyyar ya ce ai ya gaya mata, amma da ya ga fuskarta sai ya fasa. Ya laluba aljihunsa ya fito da rezar da yake feƙe waya da ita.

"Kawo, Inna. In warware miki. Zan bi zaren a hankali, sai in ce wa Sabuwa... zan san abin da zan ce mata."

"Kai da ka ce an hana?"

"An hana. Amma an riga an yi. Ni zare kawai zan cire."

Ta dube shi, ta dubi manyan yatsunsa da rezar da ke tsakaninsu. Ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Mai da ita aljihu, Auta. In ka buɗe, kai ka buɗe, da ƙarfe, kuma ba uwarka ba ce. In ni na buɗe, na sake ke nan. Na rantse masa sau ɗaya."

"To ki yi kaffara. Rantsuwa ai tana da kaffara."

"In karya rantsuwa don in sake aikata abin da ya hana? Da wace fuska zan shiga Harami?" Ta girgiza kai. "Kuma yarinyar nan ta ba da safiyarta duka a kai. Kada ka gaya mata. Ba ta yi komai ba sai alheri."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Daga tsakar gida ana jin Sabuwa tana kiran yara su zo su ci abinci, su suna amsa mata da Larabci.

"To yanzu yaya, Inna?"

"Yanzu ba komai. Na yi mata, ta samu 'yan kwanaki. Je ka ci abincinka kada ya huce."

Ya fita. Inna ta cire rigar da ke jikinta, ta sa shuɗiyar, don ta san Sabuwa za ta so ta gan ta a jikinta. Da la'asar ta yafa abaya ta ce a raka ta masallacin Kuba. A bakin ƙofa maƙwabciyarsu ta hango farin adon yana leƙowa ta wuyan abayar, ta tsayar da ita.

"Masha Allah, Hajiya! Wannan kwalliya haka, biki ake a gidan?"

"Aikin surukata ne," in ji Inna.

Ta gyara mayafinta ta kama hanya a hankali, tana bin gefen inuwa. Duk wanda ya gan ta a ranar zai rantse ba wanda ya mutu mata.